Shin ilektiron yana juyawa da gaske? Muhawara kan ma'anar sifin

Malam Habibu:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan'uwa masana, ina da wata tambaya da ta tsaya mini a rai, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni zurfi a wannan fanni za su warware mini ita. Shekara 11 ke nan ina koyar da fiziks a babbar sakandare, kuma duk shekara idan muka kai ga lambobin kwantam guda huɗu, wato lambobin da suke siffanta yanayin ilektiron a cikin atam, nakan zana ƙaramin ƙwallo a allo, in soke shi da kibiya, in ce wa ɗalibai ilektiron yana juyawa a kan kansa kamar katantanwa, wani ta dama, wani ta hagu, kuma wannan juyin ne ake kira sifin. A makon jiya wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to sau nawa yake juyawa a daƙiƙa ɗaya?" Na tsaya da alli a hannu ban ce komai ba, domin ban taɓa ganin wannan adadi a kowane littafi ba. Da na koma na bincika, sai na tarar littattafan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ce yana juyawa kamar yadda duniya take juyawa a kan kanta, wani kuma ya ce babu abin da yake juyawa ko kaɗan, ɗabi'a ce kawai da aka halicce shi da ita. To idan babu abin da yake juyawa, me ya sa ake auna sifin da ma'auni ɗaya da ƙarfin juyi, wato yawan juyin da abu mai juyawa yake ɗauke da shi, kuma mene ne ainihin abin da yake faruwa a jikin ilektiron?

Injiniya Nasiru:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ɗalibar nan ta sosa wa masana inda yake yi musu ƙaiƙayi tun 1925. A waccan shekara ne wasu matasa biyu a jami'ar Leiden da ke Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka kawo shawarar cewa ilektiron yana juyawa a kan kansa, domin su bayyana dalilin da ya sa layukan hasken da atam yake fitarwa suke rabuwa yadda ake ganinsu. Da maganar ta je gaban dattijo Hendrik Lorentz, sai ya yi lissafi ya nuna cewa idan ilektiron ƙwallo ne mai juyi, to dole fatarsa ta yi gudun da ya wuce na haske. Uhlenbeck ya so su janye takardar, amma malaminsu Paul Ehrenfest ya riga ya aika da ita wurin bugawa.

Kuna iya maimaita lissafin da kanku a bayan takarda. Ku ɗauki girman da tsohon lissafi yake ba ilektiron, wato mita 2.8 × 10⁻¹⁵ daga tsakiya zuwa gefe, ku ɗauke shi a matsayin dunƙulallen ƙwallo, sannan ku tambaya da wane gudu gefensa zai yi tafiya kafin ya samu ƙarfin juyi na rabin ħ, wato rabin ɗan ƙaramin ma'aunin da kwantam take auna ƙarfin juyi da shi. Amsar da za ta fito ta kai kusan ninki 170 na gudun haske. Kuma gwaje-gwajen karo da aka yi daga baya sun nuna cewa idan ma ilektiron yana da girma, bai kai mita 10⁻¹⁸ ba, wanda hakan ya ƙara dagula lissafin, domin gwargwadon ƙanƙantar ƙwallo, gwargwadon saurin da zai buƙata. Saboda haka zanen katantanwa ba zai tsaya ba.

Malam Lawal:

Ni a ganina, Malam Habibu, sunan ne ya jawo duk wannan wahala. Tun kafin waɗancan matasa, a ƙarshen 1924, Wolfgang Pauli ya riga ya gano cewa ilektiron yana da wata ɗabi'a mai fuska biyu wadda tsohuwar fiziks ba ta iya siffantawa, kuma bai kira ta juyi ba, bai zana mata hoto ba. Da Ralph Kronig ya zo masa da ra'ayin juyi a farkon 1925, Pauli bai karɓa ba, har Kronig ya fasa bugawa. Ina ganin hanyar Pauli ta farko ita ce mai tsafta. Ba mu taɓa tambayar mene ne yake faruwa a cikin ilektiron har ya samu caji ba, mun yarda cewa yana da caji, mun san yadda ake auna shi, mun wuce. Haka ya kamata mu ɗauki sifin: lamba ce da take bin wasu dokokin lissafi, kuma dokokin suna ba da amsa daidai a kowane gwaji. Ku faɗa wa ɗalibar cewa tambayar ba ta da amsa domin babu juyi, sunan kuskuren tarihi ne da ya liƙe.

Dakta Rabi'atu:

Malam Lawal, na yarda da ku cewa babu ƙwallo, amma ban yarda cewa sunan kuskure ne tsagwaronsa ba, kuma ina tsoron idan muka ce wa ɗalibai lamba ce kawai, mun ɗebe musu ƙarya ɗaya mun zuba musu wata. Dalilina shi ne gwajin da Albert Einstein da Wander de Haas suka yi a Balin ta Jamus a 1915, shekara goma cif kafin a san da sifin.

Sun rataya siririn sandan ƙarfe da zare mai laushi a tsakiyar naɗin waya. Idan aka saki lantarki a cikin wayar, sandan yakan zama maganaɗisu, idan aka juya fuskar lantarkin, fuskar maganaɗisun takan juya. Abin da suka gani shi ne duk lokacin da fuskar ta juya, sandan da kansa yakan murɗa kaɗan a jikin zarensa, ba tare da wani ya taɓa shi ba. Yau mun san cewa kusan duk ƙarfin maganaɗisun ƙarfe daga sifin ilektiron yake fitowa. Wato da ɗimbin ilektiron suka sauya fuskar sifinsu, sai sandan gaba ɗaya ya juya ta ɗaya ɓangaren domin jimillar ƙarfin juyi ta tsaya yadda take. Caji ba ya yin haka, nauyi ba ya yin haka. Abin da za a iya cire shi daga ilektiron a zuba shi a jikin ƙarfen da ido yake gani har ƙarfen ya murɗa, to ƙarfin juyi ne na haƙiƙa, asusunsu ɗaya da na tayar keke.

Akwai wani abu a tarihin gwajin da nake so ku lura da shi. Einstein da de Haas sun ɗauka ilektiron masu kewaya cibiyar atam ne suke haddasa maganaɗisun, kuma adadin da suka fitar ya dace da wannan zato. Waɗanda suka maimaita gwajin a 'yan shekarun da suka biyo baya sun samu cewa ƙarfin maganaɗisun da kowane ma'aunin juyi yake ɗauke da shi ya kai kusan ninki biyu na abin da kewayawa za ta bayar. Wannan ninki biyun shi ne tambarin sifin, kuma ba a fahimci daga ina ya fito ba sai bayan 1925. Haske ma haka ne: a 1936 Richard Beth ya ratsa haske mai murɗaɗɗen tsari ta cikin faifan dutse mai sheƙi da aka rataya da zare, faifan ya murɗa daidai da abin da lissafi ya ce.

Don haka matsayina shi ne mu riƙe magana biyu a lokaci guda: ƙarfin juyin gaskiya ne, amma babu wani sashe na ilektiron da yake zagaya wani sashe.

Zainab:

Dakta, ku gafarce ni, ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a jami'a, kuma a nan ne kaina yake ɗaurewa. Idan ƙarfin juyi ne na gaske, ai ya kamata ya zama yana da fuskar da yake kallo, kamar allurar kamfas. To me ya sa ake cewa sama ko ƙasa kawai, alhali allura tana iya kallon kowace kusurwa? Kuma sama ɗin nan, wa ya zaɓa wa ilektiron ita?

Dakta Rabi'atu:

Zainab, tambayarki ita ce zuciyar al'amarin, kuma amsarta tana cikin gwajin da Otto Stern da Walther Gerlach suka yi a Frankfurt ta Jamus a 1922. Sun dafa azurfa a tanderu har ta zama tururi, suka bar tururin ya fita ta siririyar kafa zuwa cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, ya ratsa tsakanin bakin maganaɗisu biyu, ɗaya mai kaifi kamar wuƙa, ɗaya mai kwarmi, sannan ya sauka a kan gilashi. Atam ɗin azurfa yana da ilektiron 47, kuma 46 daga cikinsu sun kashe tasirin juna, saura guda ɗaya a waje wanda shi kaɗai yake mayar da atam ɗin ƙaramin maganaɗisu. Da a ce kowane atam allurar kamfas ce mai kallon inda ta ga dama, da an ga tabo guda ɗaya mai faɗi a kan gilashin, wasu sun karkata da yawa, wasu kaɗan, wasu sun wuce kai tsaye. Abin da suka gani layi biyu ne, tsakaninsu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma tsakiyar fayau take. Su kansu ba su san sifin suka gani ba, sun ɗauka sun tabbatar da tsohon tsarin atam na Niels Bohr ne, sai wajen 1927 aka gane ainihin abin.

Wa ya zaɓi sama? Mai gwaji ne ya zaɓa. Idan kika kwantar da maganaɗisun a gicciye, layi biyu za ki sake gani, dama da hagu. Kowace fuska kika tambayi ilektiron, amsa biyu kawai yake da ita, rabin ħ tare da fuskar ko rabin ħ akasinta.

Yanzu ki bi ni a hankali, domin nan ne allurar kamfas take faɗuwa. Ki tare waɗanda suka yi ƙasa, ki bar waɗanda suka yi sama su shiga na'ura ta biyu mai tsayuwa irin ta farko. Dukkansu za su sake yin sama, babu ko ɗaya da zai saɓa. Wannan ya nuna cewa yanayin nasu tabbatacce ne. To ki kwantar da na'ura ta biyun a gicciye. Rabi za su yi dama, rabi hagu, kuma babu hanyar sanin wanda zai bi ina kafin ya shiga. Ki ɗebi na daman kaɗai ki mayar da su na'ura ta uku mai tsayuwa. Hankali zai ce dukkansu sama za su yi, tunda tun farko an tace su. Amma rabi ne suke yin sama, rabi ƙasa. Tambayar dama da hagu ta shafe amsar sama da ƙasa. Idan kuma kika karkatar da na'ura ta biyun da digiri 60 kawai, kashi 75 cikin 100 za su bi fuskarta, idan da digiri 120 ne, kashi 25.

Ilektiron yana da fuska a wannan ma'ana guda: ga kowane yanayi mai tsafta akwai kusurwa ɗaya wadda idan kika tambaye shi a kanta, tabbas zai ce sama. Amma ba kibiya ce mai tsawo sananne da take nuni can ba. Ko lissafin ya nuna haka, domin cikakken girman sifin ya kai kusan 0.87 na ħ, alhali duk inda kika auna ba za ki taɓa samun fiye da 0.5 ba.

Malam Lawal:

Dakta, hujjar sandan ƙarfe ta shige ni, na janye kalmar kuskure. Sai dai abin da kuka bayyana wa Zainab yana ƙarfafa ɗaya rabin maganata, cewa kowane hoto muka zana zai ci amanarmu. Ni abin da na riƙe shi ne amsar tana wurin Paul Dirac. A 1928 ya haɗa kwantam da ka'idar dangantaka ta Einstein, sai ga sifin ya fito daga lissafin ba tare da an cusa shi ba, har da ninki biyun nan da kuka ambata. Daga lissafin nan ne kuma aka yi hasashen abokin gabar ilektiron, wato fositiron, wanda Carl Anderson ya gano a 1932. Ashe ke nan sifin ɗa ne na ka'idar dangantaka, kuma neman ma'anarsa a wajen wannan lissafi ɓata lokaci ne.

Malam Auwal:

Ina neman izinin shiga tsakani, domin ban gamsu da cewa babu abin da yake zagayawa ba. Lissafin Lorentz ya rushe ƙwallo ne kawai, kuma kwantam ba ta taɓa cewa ilektiron ƙwallo ne ba. A fahimtarmu ta yau ilektiron motsi ne a cikin wani fili da ya game ko'ina, kuma igiyarsa tana bazuwa a sarari mai faɗi sosai idan aka gwada da wancan ɗan girman da Injiniya ya yi lissafi da shi. Tun 1939 Frederik Belinfante ya nuna cewa idan aka lissafa yadda makamashi yake gudana a cikin wannan fili, za a tarar yana kewayawa, kuma idan aka tara ƙarfin juyin wannan kewayawar, sifin ne yake fitowa daidai. Hans Ohanian ya sake fito da wannan bayani a 1986 ta hanya mai sauƙin bi. Ku ɗauki ruwa a cikin kwano da aka motsa shi da cokali: babu ƙwallo a ciki, amma akwai juyi, kuma juyin na ruwan ne gaba ɗayansa. Ina ganin wannan ya fi kusa da abin da Malam Habibu yake nema, domin ya ba ɗaliba abin da za ta riƙe, kuma bai saɓa wa lissafi ba.

Dakta Rabi'atu:

Malam Auwal, lissafin Belinfante ingantacce ne, kuma ni ma nakan kawo shi a aji domin yana kwantar wa ɗalibai hankali. Amma akwai wurare biyu da nake taka-tsantsan. Na farko, wannan kewayawar tana fitowa ne domin tun farko filin da aka fara da shi yana da sassa fiye da ɗaya waɗanda suke cakuɗuwa idan aka juya shi. Filin da ba shi da wannan tsari, irin na ƙwayar Higgs da aka gano a 2012 mai sifin sifili, ba ya ba da komai. Ke nan kewayawar 'ya ce, ba uwa ba. Na biyu, ruwan kwano yana iya gudu da sauri ko a hankali, yana iya tsayawa cik. Ilektiron ba ya iyawa. Ko an matse igiyarsa ko an baza ta, ko yana cikin zafin tauraro ko a sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, sifinsa rabi ne. Misalin ruwa bai faɗa mana dalilin haka ba, bai kuma faɗa mana dalilin layi biyu a gilashin Stern ba.

Malam Lawal kuma, ina da ɗan gyara. Gaskiya ne sifin ya fito daga lissafin Dirac, amma a 1967 Jean-Marc Lévy-Leblond ya nuna cewa ana iya samun sifin rabi da ninki biyun nan ko ba a shigo da ka'idar dangantaka ba. Tushen ya fi haka zurfi, yana cikin yadda sarari yake ba da damar a juya abu. Eugene Wigner ya nuna a 1939 cewa idan dokokin halitta ba sa sauyawa don an matsa, ko an juya, ko an sauya gudu, to kowace ƙwaya ta asali za ta zo da lambobi biyu da suke bambanta ta, nauyinta da sifinta. Ma'anar sifin a wurina ke nan: shi ne yake faɗa mana yadda yanayin ƙwaya yake sauyawa idan aka juya ta.

Injiniya Nasiru:

Wannan magana ta ƙarshe da Dakta ta yi, a da ina jin ta kamar zancen masu lissafi ne kawai, sai da na karanta gwajin da aka yi a 1975 da niyutiron, ƙwayar nan marar caji ta cibiyar atam. Lissafi yana cewa idan aka juya ƙwaya mai sifin rabi zagaye ɗaya cikakke, digiri 360, yanayinta ba ya komawa daidai yadda yake, yakan dawo da alamar ragi a gabansa, sai an yi zagaye biyu, digiri 720, sannan ya koma. Ƙungiyar Helmut Rauch a Grenoble ta Faransa da ta Samuel Werner a Amurka sun gwada wannan, kowace da kanta. Sun raba igiyar niyutiron gida biyu a cikin dutsen silikon guda ɗaya da aka sassaƙa, suka sa hanya ɗaya ta ratsa filin maganaɗisu wanda yake juya sifin, ɗaya hanyar suka bar ta, sannan suka sake haɗa su. Da suka riƙa ƙara ƙarfin maganaɗisun, adadin niyutiron da suke isa ma'auni yana hawa yana sauka, kuma bai maimaita kansa ba sai bayan kowane digiri 720.

Malam Habibu, ga abin da za ku iya nunawa a aji. Ku cire bel, ku danne wutsiyarsa da littafi mai nauyi, ku riƙe kan. Ku juya kan zagaye ɗaya, bel ɗin zai murɗe, kuma duk yadda kuka kewaya da shi, muddin ba ku sake juya kan ba, murɗin ba zai fita ba. Ku juya shi zagaye biyu ta fuska ɗaya, murɗin zai yi kamar ya fi muni, amma idan kuka zagayo da tsakiyar bel ɗin ta saman kan, kan yana kallon inda yake kallo, sai ku ga ya miƙe sarai. Bel ba ilektiron ba ne, amma yana nuna wa ido cewa a sararin da muke ciki zagaye ɗaya da zagaye biyu ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙwayoyi masu sifin rabi suna jin wannan bambanci.

Zainab:

Injiniya, na gwada da igiyar jakata yanzu, kuma ta warware kamar yadda kuka ce. Amma alamar ragin nan, ban da a ɗakin gwaji, tana da wani tasiri a duniyar da muke taɓawa?

Malam Auwal:

Zainab, tasirinta shi ne teburin da kike rubutu a kai. Ƙwayoyi masu sifin rabi, irin su ilektiron da niyutiron da firoton, wato ƙwayar cibiyar atam mai caji, idan aka musanya biyu iri ɗaya, yanayinsu na haɗe yakan ɗauki alamar ragi, kuma sakamakon haka biyu ba za su taɓa zama a yanayi ɗaya ba. Wannan ita ce dokar hani ta Pauli ta 1925. Ita ta sa kowane gurbi a atam yake ɗaukar ilektiron biyu kacal, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sauran su hau gurbi na gaba, kuma daga wannan hawa-hawa ne jadawalin sinadarai ya samu tsarinsa. Ƙwayoyi masu cikakken sifin kuwa, irin su foton, wato ƙwayar haske, mai sifin 1, suna iya cunkushewa a yanayi ɗaya ba iyaka, abin da hasken leza ya dogara a kai ke nan. A nan ne ka'idar dangantaka take da haƙƙin da Malam Lawal ya ba ta, domin hujjar da ta ɗaure sifin da wannan hali, wadda Markus Fierz ya kawo a 1939 Pauli kuma ya kammala a 1940, ba ta tsayuwa sai da ita.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na iskar hiliyom. Hiliyom mai lamba 4 jimillar sifinsa cikakkiya ce, kuma yakan zama ruwa mai gudu ba tare da wani gogayya ba a digiri 2.17 a ma'aunin Kelvin, wato dab da ƙarshen sanyi. Hiliyom mai lamba 3 niyutiron ɗaya kawai ya rasa, amma wannan ya mayar da sifinsa rabi, sai ya zama ba ya shiga irin wannan hali sai an sanyaya shi kusan sau dubu fiye da haka, inda atam ɗinsa suke haɗuwa biyu-biyu. Ba a ga hakan ba sai a 1972.

Dakta, na karɓi gyaranku na farko, amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Firoton ma sifinsa rabi ne, kuma tun gwajin da aka yi a cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, a ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa sifin ƙananan ƙwayoyin da suke cikinsa, waɗanda ake kira kwak, bai kai ya cika wannan rabin ba, ƙiyasin yau yana ba su kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran yana fitowa daga giluwon, wato ƙwayoyin da suke ɗaure kwak ɗin, da kuma kewayawar abubuwan da suke ciki. Ke nan aƙalla a firoton, wani ɓangare na abin da muke kira sifin motsi ne na gaske.

Dakta Rabi'atu:

Haka ne, Malam Auwal, domin firoton gida ne mai mazauna. Ilektiron kuwa har yau ba a ga alamar yana da ciki ba, kuma shaida mafi ƙarfi ita ce ninki biyun nan. Ba 2 cif ba ne, 2.002319 ne da 'yan kai, kuma ɗan ƙarin da ke kai, wanda Julian Schwinger ya fara lissafawa a 1948, ya fito ne daga mu'amalar ilektiron da filin lantarki da maganaɗisu. Lissafin da ya ɗauki ilektiron a matsayin ƙwaya marar sassa ya dace da awo har zuwa lambobi fiye da goma bayan ɗigo. Da yana da wasu sassa masu zagaya juna a girman da za mu iya kaiwa, da an ga saɓani a nan.

Malam Habibu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na fahimci cewa zanen katantanwa zai bar allona, kuma zan shiga aji da labarin sandan ƙarfe da gilashin Stern da bel. Amma har yanzu ɗalibar tana bina bashin adadi. Ita lamba ta tambaya, kuma ba na so in sallame ta da cewa tambayarta ba ta da ma'ana, domin yarinya ce mai tunani, ina gudun kada ta daina ɗaga hannu.

Dakta Rabi'atu:

Kada ku ce mata ba ta da ma'ana, Malam, domin tambayar da Lorentz ya yi ce ta maimaita ba tare da ta sani ba. Ku faɗa mata cewa ilektiron ba shi da gaba da baya da za a sa wa alama a ƙirga wucewarta, don haka babu adadin zagaye. Amma akwai wani abu da yake juyawa da gaske kuma ana ƙirga shi. Waccan kusurwa da na faɗa wa Zainab, wadda idan an tambayi ilektiron a kanta tabbas zai ce sama, idan aka sa shi a filin maganaɗisu takan riƙa kewaya layin filin, kamar yadda kan katantanwa yake lilo yana zana da'ira idan ta karkata. A fili mai ƙarfin tesla 1 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), ta ilektiron tana kewayawa kusan sau biliyan 28 a daƙiƙa ɗaya. Ta firoton tana yin sau miliyan 42.6, kuma da wannan ne na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, take aiki: a na'ura mai tesla 1.5, firoton da suke cikin ruwan jikin majiyyaci suna kewayawa kusan sau miliyan 64 a daƙiƙa, na'urar ta aika musu da igiyar rediyo mai wannan adadi, sannan ta saurari amsarsu ta haɗa hoto. Idan an kashe filin, kewayawar ta tsaya, amma sifin yana nan rabinsa bai ragu ba.

Malam Habibu:

Madalla. Zan rubuta mata biliyan 28 a allo, in bayyana mata abin da yake kewayawa da abin da ba ya kewayawa. Sannan zan ba ajin duka lissafin Injiniya a matsayin aikin gida, su nemo gudun fatar ƙwallon da kansu su gwada shi da gudun haske, kafin in ba su labarin Lorentz. Abin da suka kawo zan dawo muku da shi, in Allah ya yarda.